Tafarnuwar gidanmu, daga ɓarar iri zuwa bakin buhu

Mutanen gari da yawa sun ɗauka da an gama girbin gero da dawa shikenan manomi ya miƙe ƙafa sai kuma wata damina. Mu dai a ɓangaren Wurno lokacin ne ma aikin ke farawa gadan-gadan, don da kaka ta wuce hankalin kowa fadama yake komawa. Damina ai Allah ke ba da ruwa kyauta, naka shuka da noma da addu'a. Rani kuwa duk ɗigon ruwan da zai shiga gona sai ka biya, ko da fetur ko da ƙarfinka, ga shi abin da muka fi shukawa a gidanmu tafarnuwa ce, ita kuma ba ta jin uzuri, in ka makara ka makara kenan sai baɗi.

Gonar ba wata babba ba ce, ko kadada ɗaya ba ta cika ba, gadon kakanmu ce, tana can gangaren da ruwan gulbin Rima ke kwanciya in damina ta yi albarka. Da damina shinkafa muke sawa. Da rani mafi yawan wurin tafarnuwa, sai ɗan yanki na albasa, sai tattasai da attarugu a bakin hanyar ruwa saboda miyar gida. Ni ina da ɗan aikin da nake yi a Sakkwato, amma daga Nuwamba zuwa Maris ƙarshen mako a ƙauye yake samuna, don Baba ya manyanta, yayana da ƙannena ke riƙe da aikin yanzu, shi nasa zama a gindin bishiya yana gyara wa mutane kuskure. In ka ce Wurno mutane hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suke tunawa, wanda ya rasu a 1837, to mu bayan wannan abin da muke tinƙaho da shi shinkafa ce da albasa da tafarnuwa.

Tafarnuwa 'yar sanyi ce, duk lissafinta daga nan yake tashi. Wata huɗu zuwa biyar take yi a ƙasa, rabin farko ganye kawai take yi tana tara ƙarfi, sai in yanayi ya fara juyawa ta koma yin kai. Girman kan da za ka cira a Maris tun a Disamba da Janairu aka gama maganarsa, ya danganta da yawan ganyen da ta samu ta yi cikin hunturu. Shi ya sa Nuwamba ne watan shuka. Wanda ya bari sai tsakiyar Disamba ko bayan nan zai ga gona kore shar ya yi ta murna, amma zafin Sakkwato ba ya jira, da Fabrairu ya raba zai fara saukowa, ta yi kai dole tun ba ta ƙosa ba, a cira a ga 'yan mitsi-mitsi waɗanda ko dillali ba zai tsaya kallo ba. Kowa ya san wannan fa, ba wani ilimin boko ba ne. To me ke sa mutane makara? Shinkafa ba ta bar gonar ba, ko ta bari amma ƙasa na nan jagab galma ba ta shiga, ko kuma komai ya yi daidai amma babu kuɗin kaftu da taki sai an sayar da shinkafar tukuna. Ƙaramin manomi ba shi ke zaɓar ranar shukarsa ba, aljihunsa ke zaɓa mai.

Sai maganar iri, wadda ita ta fi komai tsada. Albasa tana fure ta yi 'ya'ya, ka yafa ka rena ka dasa. Tafarnuwarmu ba ta haka, abin da za ka ci shi ne abin da za ka shuka, kan ake ɓarewa kowace ƙwara ta zama shuka guda. Kenan duk shekara wani kaso mai kauri na abin da ka noma ba naka ba ne, na gona ne, dole ka ajiye shi tun daga Maris har Nuwamba kana kallo. Kuma daidai lokacin da kuɗinta ke tashi, wajen tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin ne hatsi ya ƙare a rumbu, ga zazzaɓi ya kwantar da yara, ga kuɗin makaranta, 'yan sari kuma sun san gidan da ke da ajiya har ƙofa za su biyo ka da kuɗi a hannu. An sha rigima a kan wannan a gidanmu, yayana ya ce a fitar da buhu ko biyu in shuka ta zo a sayo wani, Baba ya ce, "Kai ku bar man irina, wanga ba na saidawa ba na, wanda duk ya saida iri ya saida gonatai." Ni a nan bayan Baba nake. Irin da za ka sayo a kasuwa a Nuwamba a kan tsadarsa za ka saye shi, kuma ba ka san gonar da ya fito ba, ciwon tafarnuwa kuwa a jikin ƙwarar yake bi daga shekara zuwa shekara tunda ita ɗin ce dai ake ta maimaitawa.

Ɓarar iri aikin mata ne, a tsakar gida ake yi bayan isha'i in an gama da tuwo. A shimfiɗa tabarma a zube kawunan, Inna da matan gidan da 'yan matan maƙwabta su kewaye, kowa da kwano a gabanta. A murza kan a tafin hannu ya watse, a tsince manyan ƙwarori na waje a jefa a kwano ɗaya, siraran nan na tsakiya a wani daban, su na miya ne ko na yaji. Wadda ta yi laushi ko ta yi baƙi a gindi ko ta zama fanko a watsar. Ba a cire mata rigarta ta ciki, in ka tsiraita ƙwarar ruɓewa za ta yi a ƙasa, kuma ba a ɓarewa da nisa da ranar shuka don bushewa take. Kafin a gama za ka ga babban yatsan kowa ya yi ja, fatar gefen farce ta saɓule yajin na shiga yana zugi, amma hira ba ta tsayawa, duk auren da za a ɗaura a garin da wanda ke shirin mutuwa a kan tabarmar nan ake fara jin labarinsa. Masu zuwa taya aiki da kwano ake biyansu, wasu kuma su ce a bar kuɗin a ba su siraran su tafi da su.

Akwai mai gona kusa da mu da ya taɓa sayo farar tafarnuwar nan ta Chaina mai manyan ƙwarori, wadda ake gani a raga a kasuwannin birni, ya ce shi ita zai shuka ya huta da 'yar ƙaramar tamu. Ta fito kuwa, ganye gwanin sha'awa har tsayawa ake ana kallo. Da aka zo cira babu kan kirki, wasu dunƙule guda ba su rabu ba, wasu ganye ne kawai da wuya. Ita ta saba da sanyin da babu irinsa a nan, hunturunmu na wata biyu uku bai ishe ta ba. Tamu ƙarama ce, ɓararta da wahala, amma wajen ƙarfi a tukunya waccan ko ƙafarta ba ta kama ba.

Kafin mata su gama ɓara maza sun gama da ƙasa. A yi kaftu, a farfasa hoge, a bi da manjagara har ta yi laushi don a ƙasa mai tauri kan ba ya samun wurin buɗewa, a watsa takin awaki da na shanu wanda ya riga ya ruɓe. Sannan a yanka fangali ƙanana-ƙanana kowanne da bakinsa a jikin hanyar ruwa, kuma a nan ake gane gwani, don in fangali ya karkace ko kaɗan ruwa zai taru a kusurwa ɗaya, can ta ruɓe nan ta bushe. Baffanmu da ido kawai yake daidaitawa, ya ɗan tsuguna ya hango, ya ce a ɗebe nan a ƙara can, in aka sako ruwa sai ka ga ya bazu ko'ina lokaci guda. Ranar shuka kowa na gona har 'yan firamare. A jiƙa fangali, kowa ya ɗauki ƙoƙonsa a tsuguna, ka riƙe ƙwara tsinin na sama gindin na ƙasa ka danna da babban yatsa ta nutse gaɓa ɗaya zuwa biyu, ka matsa faɗin yatsu huɗu ka danna wata. Malaman gona santimita 7 zuwa 10 suke cewa, mu dai da yatsu muke awo kuma kusan duk ɗaya ne. Yara in sun gaji jefawa kawai suke ko ta kife ko ta kwanta oho, wadda ta kife za ta fito amma a makare a lanƙwashe, shi ya sa Baba ke bin bayansu da sanda yana tonowa yana faɗa. In ka wuni kana shuka, da daddare ruku'u ma sai da dabara. Bayan mako ɗaya zuwa kwana goma sai ka ga tsinin kore ya fara huda ƙasa layi-layi.

Daga nan sai ban ruwa, aikin da ba ya ƙarewa. Saiwarta a sama-sama take, ba ta jure ƙishi, kuma ba ta son ruwa ya kwanta mata, kaɗan-kaɗan take so a kai a kai. In sanyi ya kankama tana iya ɗaukar kusan mako a ƙasa mai laka, in iska ta fara zafi kuwa ko a wuri mai yashi sai an matso da shi. Ana sallame asuba muke ɗaura inji a bayan mashin, hazo ya rufe ko'ina ko fitila ba ta ratsa shi, a je a haɗa tiyo a rijiya, a ɗura wa injin ruwa, a yi ta jan igiya yana tari yana mutuwa don shi ma sanyin ya kama shi. In ya tashi mutum ɗaya ya tsaya wajensa, ɗaya ya bi ruwan da fartanya, ya buɗe bakin wannan fangali, ya cika, ya toshe da laka ya buɗe na gaba. Ruwan rijiyar da ɗuminsa yake fitowa har yana tururi, wahalar sai ka ɗaga jiƙaƙƙiyar ƙafa iska ta buge ta. Duk mai ban ruwa da diddige ake gane shi, faso rututu har da jini, man kaɗe ko basilin ake cusawa da daddare a sa safa, gobe a koma.

Kakanmu da jigo ya yi wannan aikin, guga ɗaya-ɗaya. Inji ya sauƙaƙa, ba mai musu, amma ya ɗaure mu a jikin mai. Ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaban ƙasa Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, mu kuma a ƙauye wajen 'yan bumburutu muke saye a galan da kwalba, ka san kuwa sai sun ɗora nasu. Noman ranin da ya biyo baya mutane da yawa rage fangali suka yi, wasu suka riƙa ja wa tafarnuwa kwana tsakanin ruwa da ruwa don mai ya kai, ita kuma ba ta yafe wannan, a kai take nunawa. Wasu sun juya injinsu ya koma shan gas na girki, masu hali sun sa sola. Ruwan kansa ma ba a hannunmu yake ba, madatsar Goronyo da ke sama da mu, wadda aka gama ginawa a 1984, ita ke riƙe na damina ana sakowa da rani, in gulbi ya ɗauka rijiyoyin fadama su ɗago, in ya ja baya ka ji inji na zuƙar iska. Wanda ya ga ambaliyar 2010 kuma ya san ɗaya fuskar, har gadar hanyar jami'ar Danfodiyo ruwa ya tafi da ita. Irin wannan shekarar shinkafa ta tafi, ƙasa ta daɗe ba ta tsane ba shukar tafarnuwa ta makara, ruwa ɗaya ya ci gona sau biyu.

Ciyawa kuma masifa ce daban. Ganyen tafarnuwa siriri ne a tsaye, ba ya inuwar da za ta danne komai, don haka duk abin da ya ga dama fitowa yake, musamman aya-aya wadda in ka tsinke ta sama 'yar ƙwallonta na nan a ƙasa kwana kaɗan ta dawo. Fartanya ba ta shiga tsakanin shukar sai ta yanke saiwa, da hannu ake bi a tsugune, sau biyu sau uku kafin ta ƙosa, nan kuɗin ƙwadago ke tafiya. Da can gayya ake yi, yanzu samari sun tafi Abuja da Legas ci-rani, waɗanda suka rage kuɗi suke so a hannu kuma ban ga laifinsu ba. Takin zamani kuwa kamfa muke sawa da wuri, yuriya bayan 'yan makonni, daga nan a tsaya. Masu zuba yuriya a ƙarshe don ganye ya yi duhu ya burge mai wucewa kansu suke cuta, wuyan zai yi kauri, ba ta bushewa da kyau kuma ba ta ajiyuwa.

In sanyi ya fara sassautawa sai ƙananan ƙwarin nan na albasa su shigo, ba ka ma ganinsu sai ka buɗe tsakiyar ganyen inda ya haɗe ka gansu suna gudu, 'yan rawaya-rawaya. Tsotse ganyen suke ya yi fari-fari bakinsa ya bushe. Feshi ake yi, kuma a nan ina da ƙorafi. Bara wani mai shagon maganin gona ya sayar wa yayana kwalbar da ko ƙwaro ɗaya ba ta kashe ba, takarda a jiki tsaf, murfi a liƙe tsaf, abin ciki sai Allah. Kafin a gane a sayo wani sun ci gefe guda, ka koma ka yi magana ya ce kai ne ba ka iya haɗi ba. Ɗaya ƙorafin a kan yaranmu ne, yaro zai goya tankin feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, iska na dawo mai da maganin a fuska, ya gama ya wanke tankin a hanyar ruwan da dabbobi ke sha. In ka miƙa musu takunkumi dariya suke su ce yaya ai korona ta wuce.

Da can in tafarnuwa ta kusa a gona samari ke kwana a bukka saboda ɓarayi da dabbobi, a hura wuta a gasa dankali a yi ta hira. Yanzu ba mai barin ɗansa ya kwana a daji. Abin da ke faruwa a gabashin Sakkwato, su Sabon Birni da Isa da Goronyo, ba sai na faɗa ba, harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 har yau in an tuna sai jiki ya yi sanyi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya kawo mana ƙarshen abin. Mu dai la'asar sakaliya kowa ya naɗe tiyonsa ya kamo hanyar gida, inji ma ba a barinsa.

Alamar ta ƙosa ganyen ƙasa su fara rawaya suna bushewa, wuya ya yi laushi, wasu su kwanta. Sai a yanke ruwa kamar mako biyu kafin cira don fatar kan ta yi ƙarfi. Ka yi gaggawa ƙwarorin ba su cika ba za su motse a ajiya, ka yi jinkiri kan ya tsage su warwatse, ƙasa kuma ta ƙanƙame ka ja ganye ya tsinke ya bar maka kan a ciki. A 'yan shekarun nan cira na faɗowa cikin azumi ko dab da shi, 2024 an ɗauka 11 ga Maris, 2025 kuwa 1 ga Maris, ga zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a wannan tsakanin. Don haka daga sahur ba komawa barci, ana yin asuba a wuce gona a yi ta tono da cira, wajen sha ɗaya kowa ya nemi inuwa baki ya bushe ƙamas, sai bayan la'asar a ɗan taɓa. Ana cira ana jerawa, ganyen wannan layin ya rufe kan na wancan, don in rana ta doki kan kai tsaye dafa shi take. Bayan 'yan kwanaki a kwaso a amalanke a kai gida, a ɗaure dami-dami da ganyenta a rataye a rumfa inda iska ke ratsawa. A nan tafarnuwa ta fi albasa mutunci nesa ba kusa ba. Mai albasa ya zuba a rudu, wato ma'ajiyar albasa, kullum gabansa na faɗuwa yana tsince ruɓaɓɓu, ita kuwa in ta bushe da kyau ba ta jiƙe ba wata shida bakwai tana nan, nauyi dai zai ragu amma ba ta narkewa.

Warin kuwa kar ka tambaya, gidan gaba ɗaya, kaya, katifa, har kuɗin da ke aljihunka. In na koma Sakkwato ranar Litinin abokan aiki tun daga ƙofa suke cewa mutumin Wurno ya iso. Limaminmu duk shekara sai ya tuna mana hadisin nan na Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci tafarnuwa ko albasa kada ya kusanci masallaci, sai wani dattijo ya ce, "To malam mu da ba ci munka yi ba, noma ta munka yi hwa?" A yi dariya, amma dai kowa na ƙoƙarin wanka da sabulu ya canja riga kafin jam'i.

Inda abin ke min ciwo shi ne kasuwa. Ranar da ka cira ranar kowa ya cira, Wurno da Goronyo da Gada duk lokaci guda, kaya su yi yawa farashi ya faɗi warwas. Kowa ya san in ka riƙe ta zuwa damina kuɗinta zai ɗaga. To amma wa zai iya riƙewa? Mai taki na jira, mai fetur na jira, 'yan ƙwadago na jira, ga salla ta matso yara na son ɗinki, wani ma tun a Disamba ya karɓi kuɗi hannun ɗan sari a kan zai biya da buhu in an cira, a farashin da shi mai kuɗin ya yanka. Sai ka yanke ganye ka cika buhu har a ɗinka mai hula a baki ka kai, dillali ya zura hannu can ƙasa ya zaro mafi ƙanƙanta ya ɗaga sama yana taɓe baki, su yi ƙus-ƙus da mai saye a gefe ya dawo ya ce ga abin da aka taya, ka ce albarka, ya ce to ka mayar gida, alhali ya san kuɗin motar mayarwa ma ba ka da shi. Ka sallama, ya cire la'adarsa. Buhun nan zai shiga sito ya kwanta wata huɗu biyar sannan a loda shi zuwa 'Yankaba a Kano ko Mile 12 a Legas ko Anacha. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ban ce 'yan sari ba sa kasada ba, su ma akwai shekarar da ke kwance musu, ga kuɗin mota ga shingaye a hanya, amma su suna iya jira, mu ba ma iyawa.

Shekarar korona, 2020, da aka yi ta yaɗa cewa tafarnuwa da citta na maganin cutar duk da likitoci sun ce ba haka ba ne, nema ya yi yawa kuɗinta ya tashi, amma wanda ya sayar tun a bakin gona sai dai ya ji labari. Farkon 2023 kuma canjin kuɗi ya zo daidai da fitowar kaya, babu takardar naira a hannun kowa, mai saye ya ce sai dai tiransifa, manomi ba shi da asusu ko yana da shi ba sabis, in ya je wajen mai POS a zabtare mai kaso mai tsoka, wanda ya zo da tsabar kuɗi a lokacin duk abin da ya taya sallamawa ake. Ga ta Chaina a gefe, ƙasar da ita kaɗai ke noma kusan kashi uku cikin huɗu na tafarnuwar duniya, manyan shaguna sun fi son ta saboda kyan ido. Masu riƙe da tamu masu yaji ne da masu tsire da masu man tafarnuwa na shagunan maganin Musulunci, sai matan da suka san bambanci a miya.

A bana abin da muka tsayar ni da yayana shi ne duk yadda za a yi ba za mu karɓi kuɗin kowa kafin cira ba. Ni zan ɗauki nauyin mai daga albashina, shi ya ɗauki taki da kuɗin shinkafa, in an cira a raba uku, na iri Baba ya sa kwaɗonsa, kaso ɗaya a sayar a sallami 'yan ƙwadago a yi hidimar salla, na ukun ba mai taɓa shi sai Agusta. Rigimar da ta rage ta sola ce. Ni na ce in na ukun ya yi kuɗi a sayi faranti da famfo a huta da 'yan bumburutu, yayana ya ce wa zai riƙa jigilar faranti safe da yamma tunda ba a barin komai a gona, kuma da asuba da muke ban ruwa ina ranar take, balle ga hazo. Baba ya ce duk mu yi shiru, ɗan maraƙi za a saya a ɗaure a turke, ga taki ga kuɗi in babbar salla ta zo. Inna kuma ta ce kafin a kai ga maraƙi ko faranti a fara gyara mata rufin rumfar da ake rataye tafarnuwar, don bara yoyo ya taɓa damman da ke gefen gabas, kuma ita ce ta zauna ita kaɗai ta tsince su.